Tsawar da Na Yi wa Dogara

Ni na hana Dogara sarautar fawa, na ba Awwalu. Ba wanda ya sa ni. Sarkin Hausawan unguwarmu ya ce in kawo sunan mutum ɗaya da zai gaje ni tunda gwiwoyina sun ƙi, na kai masa sunan da na ga dama.

Shekara ashirin da shida na yi ina Sarkin Fawa a mayankarmu ta nan Enugu. Dogara maƙwabcina ne a unguwar Obiagu, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. In ya yi tari ina ji. Na girme shi da shekara goma sha biyu, kuma ni na koya masa riƙon wuƙa lokacin da ya sauko daga Ƙauran Namoda.

Ina da hanyata ta gane namiji, wadda na gada wurin maigidana. Ka daka wa mutum tsawa a gaban jama'a a kan laifin da bai yi ba, ka ga abin da zai yi. Wata safiya ana cikin fiɗa na ɗauki wata fata da wuƙa ta huda, na jefa a gaban Awwalu.

"Kai, wannan aikin mahauci ne ko na makaho?"

Awwalu ya cilla wuƙarsa ƙasa. "Ba ni na feɗe ta ba, Sarki! Ka nemi mai ita. Ni ba a zagina a banza." Jijiyar wuyansa ta tashi.

Na ɗauke fatar, na taka zuwa wurin Dogara, na yi masa tsawar da ta fi waccan. Ya ɗauki fatar, ya juya ta, ya sa yatsa a hujin.

"To, Sarki. Zan nemo wanda ya yi, in nuna masa yadda ake bi ta nan."

Shi ke nan abin da ya ce. Na tambayi kaina, wannan ne zai riƙe mahauta arba'in a garin da ba namu ba? Ranar da aka naɗa Awwalu, Dogara ne ya fara miƙa masa hannu, ya ce Allah ya taya riƙo. Matata Mero ce kaɗai ta yi magana, tana zuba mini tuwo ba tare da ta dube ni ba.

"Kai mai irin halinka kawai kake gani."

Na ce ta ji da tukunyarta.

Wata takwas bayan naɗin, damina ta kankama. Kwatar mayanka ta toshe, ruwan jini da na tumbi ya malala cikin gidajen 'yan ƙasa da ke bayanmu. Dattijonsu, Mazi Obiora, wanda filin mayankar na danginsu ne, ya zo da kansa ya yi ƙorafi. Awwalu ya tare shi a bakin ƙofa, ya nuna shi da yatsa a gaban mutanensa, ya ce mu ma haya muke biya, ba alfarma ake mana ba. Washegari muka tarar da sarƙa da kwaɗo a ƙofar.

Kwana tara ba a yanka ko akuya ba. Shanu na tsaye a turke suna ramewa, fataken da suka kawo su daga Arewa suna kwana a masallaci suna hararar mu. Awwalu ya je ofis uku ya yi hayaniya, a na ukun aka ce ya fita.

Lokacin nan ƙafafun Dogara sun riga sun kumbura. Likita ya ce zuciyarsa ce, ya hana shi aiki mai nauyi. Ta tagata na gan shi ya fito da silifas, don takalmi ya daina shigarsa, da ƙullin goro a hannu, ya tare keke napep. Kwana huɗu yana zuwa gidan Mazi. An ce mini ba ya cewa komai, zama yake a baranda, duk wanda ya zo da ƙorafi ya saurare shi har ya gaji. Yana jin yarensu, ya san sunayen 'ya'yansu. Rana ta biyar ya ɗauki shebur ya shiga kwatar da kansa, ana yayyafi. Da mahauta suka ji, kunya ta kama su, suka bi shi. Da yamma aka cire sarƙar.

Duk wannan na sani. Ranar Juma'a bayan an sallame, na miƙe a harabar masallaci da sandata, na ce jama'a su gode wa Allah da ya ba mu shugaba mai tsayawa da ƙafarsa, wanda bai rusuna wa kowa ba har aka buɗe mana ƙofa. Na kira sunan Awwalu sau biyu. Dogara yana gefe a kan kujerar roba, don ba ya iya tanƙwashe ƙafa. Na ji muryarsa cikin ta mutane.

"Madalla."

Da na kira sunan Dogara a wurin, da na ce wa jama'a ban iya zaɓe ba ke nan. Abin da ya riƙe mini baki bai wuce wannan ba.

Tun daga shigarsa kwatar nan bai ƙara komawa mayanka ba. Tarin ya sauya, ya koma mai ruwa-ruwa. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da jakar magunguna. 'Yarsa Amatullahi ta zo daga Fatakwal ta zauna jinya, don uwarta ta daɗe da rasuwa. A nan tsakar gidan aka haife ta, Mero ce ta yi mata wankan farko. Yanzu tana aiki a wani kamfani, a ofishin da ke ɗaukar ma'aikata.

Na same ta a bakin famfo tana wanke kofuna. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba Sarki."

Don kada in tsaya shiru na ce, "An ce ke ce mai ba mutane aiki a can."

"Ba ni kaɗai ba ce. Muna dai duba halin mutum kafin a ɗora shi a kan wasu. Akwai tambayoyin da yake amsawa, sai kuma a ji ta bakin waɗanda suka yi aiki da shi. Wani ya iya ciniki amma bai iya mutane ba. Wani ba ya magana, amma in ya tafi hutu sai kowa ya fara faɗa da kowa."

"Takarda ba ta san namiji ba," na ce.

Ta ci gaba da ɗauraye kofin hannunta, wanda ya riga ya fita. "Haka ne, Baba. Shi ya sa muke tambayar waɗanda ke ƙarƙashinsa."

Ni ban tambayi kowa ba. Ban sani ba ko ta san haka. Na wuce.

Kwana shida ina jin tarinsa ta bango ban shiga ba. Ina aika Mero da kunu. Ranar Litinin bayan la'asar na yi niyya. Na shirya maganar tun a kan sallaya: Dogara, na zalunce ka, ka yafe mini. Ba ta da tsawo. Na maimaita ta har na kai bakin ƙofarsa.

Yana jingine da matasan kai uku, don in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Fanka na juyawa a hankali. Ƙafafunsa na kan buhu, sun yi sheƙi. Da ya gan ni ya yi yunƙurin gyara zama.

"Zauna abinka," na ce.

"Sarki da kansa. Lallai jikin ya yi tsanani, tunda har ka taka."

"Daina shirme. Ya jikin?"

"Alhamdu lillahi. Ka ga ƙafa, kamar ta bajimin da muka yanka da Sallah. Da Awwalu ya gan ta sai ya taya."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Na miƙa masa ruwa. Da ya lafa sai ya hau tambayata mayanka. An kawo shanu? Kwatar tana tafiya? Ya ce a riƙa yashe ta duk Asabar, kada a jira ta cika.

"Sarki, kar ka matsa wa Awwalu," ya ce. "Ba shi da mugunta. Ka tura shi sayen shanu, ba mai cutarsa, daga nesa yake gane mai ciwo. Mutane ne dai bai iya ba. A samu wani ya riƙa zama da su Mazi, shi ya ji da fatake."

Wanda na hana kujera yana raba mini aikin kujerar daga kan gadon ciwo. Na dubi tabarma.

"Dogara, maganar ranar Juma'ar nan..."

"Wace Juma'a?"

Ya zuba mini ido. Ba fushi a ciki, jira kawai yake, irin jiran da yake wa kowa. Da ya ɗaga murya, da ya ce Sarki ka ci amanata, da na san yadda zan yi. Na saba da wannan. Amma ya yi shiru ya bar mini fili, ni kuwa ban taɓa cewa kowa ya yafe mini ba, ko ubana. Amatullahi ta ɗaga labule da kwanon magani a hannu.

"Ba komai," na ce. "Ruwan da aka yi ne nake cewa. Ya yi yawa."

"Ya yi yawa kam," in ji shi.

Na ce zan dawo gobe. Na ce wa kaina gobe ba kowa a ɗakin, zan faɗa.

Washegari da hantsi ina shan koko na lura tarin ya tsaya. Na ajiye ludayi ina saurare. Sai na ji muryar Amatullahi ta bango, ba kuka ba, salati take yi a hankali. Mero ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa.

Ni na zuba ruwa aka yi masa wanka. Kafin a ta da sallah liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa saboda Allah. Sahu uku suka amsa, mun yafe. Ni ma na amsa. Me zan yafe? Liman bai tambayi wanda ya ɓata wa mamaci ba. Ba a tambayar wannan, don mai amsawa yana cikin makara.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Can sai ga Mazi Obiora da mutum biyar. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma kamar ɗayanmu, ya karɓi goro da hannu biyu. Sannan ya dubi Awwalu, ya dube ni, ya yi magana da Turancin kasuwa yadda kowa zai ji.

"Na dis man open una gate. No be anybody."

Ya ce wannan mutumin ne ya buɗe mana ƙofa, ba wani ba. Awwalu ya sunkuyar da kai. Mahauta suka juyo gare ni, duk sun san abin da na faɗa a masallaci. Na ce a yi wa mamaci addu'a. Aka ɗaga hannu.

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse bayan azahar, na shiga tsakar gida. Amatullahi na zaune a kan turmi a ƙofar ɗakin ubanta, tana naɗe rigunansa tana sa wa a jaka. Ta yi shirin durƙusawa, na ce ta zauna. Ni na tsaya, da sandata.

Na faɗa mata komai. Fatar da na san ba shi ya huda ba. Keken da na ga ya hau da ƙullin goro. Sunan da na kira a masallaci da wanda na haɗiye. Abin da ya kai ni ɗakinsa ran Litinin, da abin da na faɗa a maimakonsa. Ban taɓa yin doguwar magana haka da mace ba. Ba ta katse ni ba, ba ta ɗago ba. Irin sauraron ubanta.

"Ke ce jininsa," na ce. "Ba shi da wani sai ke. Ki yafe mini a madadinsa."

Ta gama naɗe rigar da ke hannunta, ta shafe ta da tafin hannu, ta sa a jaka.

"Abin da kuka yi mini, Baba, in akwai, na yafe."

"Ba shi nake tambaya ba."

"Na sani."

"Amatullahi, ni ne fa. A hannun matata kika fara kuka."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"Yana nan kwana shida, bango ɗaya. Ba ni kuka yi wa ba, Baba Sarki. Ba zan yafe abin da ba nawa ba."