Ranar da Yunus Zai Taso

Yayana Yunus ne ke raka shanun Baba zuwa Legas. Idan ya sayar, sai ya bugo waya wani shagon tarho a unguwarmu ta Yerimaram ya faɗi ranar da zai taso. Shagon kullum cike yake, layin kuma ba ƙarfi, dole ka maimaita abin da aka ce kowa na ji. A shekarun nan kuwa 'yan kwanta-kwanta sun addabi hanya.

Shi ya sa da na gama sakandare na tsara mana mabuɗin sirri na faɗin ranar a waya, kowace rana da launin saniyarta. Fara Talata ce, ja Juma'a. Daga ni sai Yunus sai Baba muka sani.

Sai Baffa Ahmadu, yayan Baba, ya tambaya. Baba bai taɓa iya ce wa yayansa a'a ba. Baffa ya kwashi zancen ya kai kasuwar shanu, wai yana yabon wayon gidanmu. Ba a jima ba mai shayin unguwarmu ya fara tsokanata.

"Munawwara, yau fara ce ko ja?"

Da Yunus zai sake tafiya, na bi shi har bakin mota na raɗa masa sabon mabuɗi a kunne.

"Faɗa mini," in ji Baba da na dawo.

"Baba, ka yi haƙuri. In Baffa ya tambaye ka, za ka hana shi?"

"Abin da boko ya koya miki ke nan, ɓoye wa ubanki magana?"

"Ran Yunus nake ɓoyewa, Baba."

Baffa ya ba da umarni kada wanda ya ƙara amsa gaisuwata. Inna ma sai ta ajiye mini tuwo ta juya. Kullum da safe ina durƙusawa in gaishe su, in tashi da shirunsu, in tafi shagon in zauna jiran waya cikin maza suna kallona. Ban yi kuka a gabansu ba, ban kuma buɗe baki ba.

Da Yunus ya bugo, na maimaita launin da ya faɗa, na ajiye. Ranar Laraba ya shigo gida lafiya da jakarsa.

Baffa ya dube ni daga kan tabarma. "To, malamar boko, ina 'yan fashin naki?"

Na ɗauke kwanon da ya gama ci na wuce. Har Yunus ya bar safarar shanu, kowace tafiya sai na sauya mabuɗin, kuma ban da Yunus babu wanda ya ji shi a bakina.