Idanun Keziah

Mijin yayata, Ambrose Tillotson, ya shekara ashirin yana zana fuskokin attajiran garin Whitby da fenti kafin na'urar ɗaukar hoto ta zo ta kashe masa kasuwa. Bai tsaya kuka ba. Ya sayi tasa, ya fasa rufin ɗakin sama ya sa gilashi don haske, ya kafa ƙarfen nan da ake tokare wa mutum ƙeya kada ya motsa har a ƙirga goma sha biyar.

Kowa yana iya zaman ban da Yaya Keziah. Da ya buɗe idon na'urar sai dariya ta kufce mata.

"Keziah, don Allah ki natsu."

"To daina yi min fuskar mai wa'azi mana."

Hoton sai ya fito dishi-dishi, baki biyu, hanci babu. Shi kuwa ba ya ajiye aikin da bai yi kyau ba. Sai ya kankare farantin gilashin da hoton ya hau, ya wanke, ya ɗauki hoton wani a kai. Na ga ya yi haka ya fi sau goma. "Ai muna tare," in ji shi, "wata rana za ta zauna."

Zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana shida. Kamar yadda aka saba a garinmu in an yi rasuwa, muka sa mata rigar Lahadi, muka jingine ta a kujera, ya ɗauke ta hoto. Ban ji komai ba ranar, ko hawaye ban yi ba. Maɓallin rigarta da ya kusa cirewa kawai nake ta kallo. Hoton ya fito tas, har zaren leshin wuyanta ana iya ƙirgawa.

Saura ya zana mata idanu a buɗe a jikin hoton, aikin da ya sha yi wa mamatan mutane. Ya dama fenti ya zauna. Na kai masa shayi, na dawo na tarar ya huce, bai ɗiga komai ba.

"Dorcas," ya ce da ni, "in tana dariya, wane idon ne ya fi ƙanƙancewa?"

Na yi tunani, na yi tunani. "Wallahi ban sani ba, Yaya."

Ya jawo akwatin farantan, yana ɗaga su ɗaya-ɗaya a jikin taga, ko wani abu nata ya saura a ƙarƙashin hotunan da ya ɗora a kan nata. Mai sayar da kifi, matar fasto, wani jami'in soja, duk sun zauna ƙam. Ambrose bai taɓa yin wanki rabi da rabi ba.