Kwanon Mai Bayan Kanta

Da aka yi wa Kofur canjin wurin aiki zuwa wannan ƙaramin gari, ƙanwarta mai kallon finafinan tsoro dariya ta yi ta yi, wai irin wannan caji ofis ɗin ne aljanu ke cinye 'yan sanda a fim. Kofur ba ta ga abin dariya ba da ta iso. Gini ne ɗaya tilo a ƙarshen titi, da kantar karɓar ƙara, da benci mai ƙafar aro, da fanka da ta daina juyawa, sai sel guda a baya, wato ɗakin tsare mutane, wanda ba kowa a ciki. Abokin aikinta Saje ne, dattijo mai rowar magana.

Kullum da tsakar rana wata tsohuwa takan zo da kwano a ɗaure cikin tsumma. Dokar wurin ita ce duk wanda ya kawo wa tsararre abinci sai ya ɗanɗana a gaban ɗan sanda. Tsohuwar takan buɗe kwanon, ta kai cokali ɗaya baki, ta tura wa Saje. Shi kuma ya kai sel, ya kulle, ya dawo. Can an jima a fito da kwano tas, kamar an wanke.

"Yallaɓai, wa take kawo wa?" Kofur ta tambayi Saje.

"Ɗanta."

"Ai ba kowa a ciki."

"Ya rasu a ciki, tun kafin zuwana. Zazzaɓi ne. An kama shi bisa kuskure, kafin a gane gaskiya rai ya yi halinsa."

Ran Kofur ya ɓaci. A zatonta Saje ne ke lamushe abincin baiwar Allah, ga shi kuwa da tumbin da zai iya. Washegari ta karɓe makulli, ta kai kwanon da hannunta, ta kulle, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta daɗe ba ta ji cokali yana taɓa kwano a hankali, irin cin mai kunya. Ta dafa bango ta dawo wurin kantar, ta zauna kusa da tsohuwar.

"Iya, kin san ɗanki ya rasu?"

"Haba 'yata, ni na rufe masa ido."

"To me ya zaunar da shi a nan?"

"Yaro ne mai jin magana. Wanda ya kulle shi ya ce kada ya motsa sai an sallame shi. Mutumin kuwa ya yi gaba, ba wanda ya ce wa yaron komai." Ta gyara ɗaurin tsummanta. "Bai cika son gishiri ba, shi ya sa nake ragewa."

Tausayi ya hana Kofur sukuni. A ƙasan kantar akwai wasu silifa da ƙura ta rufe, waɗanda aka sa yaron ya cire ranar da aka shigar da shi. Bayan tafiyar tsohuwar ta ɗauko su ta kakkaɓe.

"Ki bar abin nan yadda kika same shi," in ji Saje.

"Mutum ba laifi, a bar shi a kulle har abada? Wallahi ba da ni ba."

Ta buɗe sel, ta ajiye silifan a bakin ƙofa, ta daidaita murya irin ta aiki. "An sallame ka. Ba ka da laifi. Tashi ka tafi."

Ba ta ga komai ba. Da ta sunkuyar da kai dai, babu silifan. A ranar ta ci abinci da daɗin rai, ta ji ta yi abin kirki a duniya.

Washegari tsohuwar ta zo a kan lokacinta, ta ɗanɗana, ta tura kwano. Kofur ta karɓa ta kai. Suka kasa kunne, ba motsin cokali. Da ta fito da kwanon, yana nan cike, maiƙo ya daskare a sama.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa.

"Ba shi da lafiya ne?"

"Iya, na sallame shi jiya."

"Jiya?" Ta waiwaya ta dubi titi, ta kuma dawo da idonta kan Kofur. "To ai bai zo gida ba, 'yata."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, kuma Kofur ta so a ce ta zage ta. Tsohuwar ta rufe kwanon, amma ta kasa ƙulla tsumman, sai Saje ne ya ƙulla mata.

"Gobe wa zan dafa wa?" ta tambaye su.