Wayar da Aka Daka a Turmina

Ni dai tun farko ban ga abin da ƙato mai gemu yake nema a shagon Shafi'u ba. Ƙanena Mas'udu ke nan, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur, da aurensa da komai, amma da ya sauke fasinjan la'asar sai ka gan shi can bayan tashar Magariya, ya ƙura wa tele ido, ya riƙe abin nan da suke kira manet da hannu biyu, yana ta danne-danne kamar mai ɓarar gyaɗa. Wai ƙwallo suke bugawa. Ƙwallon da ba gumi, ba tuntuɓe! Kuma a faɗarsu duk garin ba mai cin sa, har Kapiten suke ce masa, shi kuwa kansa sai ƙara kumbura yake.

Sunana Ummul Khairi. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi, ina kaiwa kasuwar Dungas. Ni na riƙe Mas'udu bayan rasuwar innarmu, ni kuma na shige gaba har aka ba shi Nabila, 'yar Malam Bukar na Dungas. Don haka duk abin da ya ɗebo, a kaina yake saukewa.

A lokacin da abin ya faru Nabila tana gidansu. Haihuwar fari ce, ta tafi goyon ciki, ta sauka lafiya, aka sa wa jaririyar Ruma'isa. Wankan jego ya kusa ƙarewa, har na sa an yi wa ɗakinta sabon daɓe muna jiran dawowarta.

Malam Bukar kuwa, duk wanda ya san Dungas ya san shi da dara. A da, in ya zauna gindin darbejiya ya haƙa gurabe a yashi, sai dai wanda bai san shi ba ya zauna gabansa. Sai ciwo ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ƙafa da hannu, magana ma sai da ƙyar. Fita ta gagara. Ɗansa Hudaifa da ke aiki a Agadas shi ya aiko masa da waya mai babban gilashi, ya sa masa dara a ciki. Tsohon nan sai a jingina shi da bango, ya ɗora wayar a cinya, yana turawa da ɗan yatsan hagu, Hudaifa yana can yana mayar masa. Da yake tana yawan suɓuce masa, sai aka sa baduku ya ɗinka mata riga ta jar fata da igiyar ratayawa a wuya. Duk unguwar an san wayar nan.

Ana gab da suna wayar ta daina ɗaukar wuta. Suruki ba ya buɗa baki ya aiki surukinsa, saboda haka ta hannun Nabila aka ba Mas'udu, aka ce ya kai wa masu gyara a Magariya. Ya karɓa hannu biyu, har da durƙusawa, ya jefa ta a akwatin motonsa. Daga nan kuma ya manta da ita ƙurmus.

Ana nan sai ga labari ya zo shagon Shafi'u, wai kamfanin can ƙasar waje da ke yin ƙwallon nasu ya ce daga bana ba zai ƙara fitar da sabo na tele ba, sai na waya kawai, kowa ya buga a tafin hannunsa. Wayyo! Kai ka ce mutuwa aka yi. Mas'udu ya shigo gidana ido jajir, ko sallamar kirki babu.

"Yaya, sun ci amanarmu! Mu da muka girma da wasan nan, yau za a mai da shi na kowa da kowa?"

Na ce, "To in ya zama na kowa da kowa, kai me ya ragu a jikinka?"

"Ba za ki gane ba. Duk duniya an tashi, Turawa ma fasa wayoyi suke suna ɗauka a bidiyo. Mu ma sai sun ji mu."

"Su wa za su ji ka? Masu kamfanin sun san akwai wani gari wai shi Magariya?"

Sai kawai ya ce in ara masa turmi da taɓarya. Na dube shi sama da ƙasa, na ce kai da matarka ba ta nan, me za ka daka? Ya ce wani ɗan aiki ne, yanzu zai dawo da su. Na ba shi babban turmina, mai facin gwangwani a baki, wanda duk matan da ke zuwa sayen mai gidana sun san shi. Da la'asar sakaliya ya dawo da shi a wanke tas, ya ajiye ya fice ba tare da ya dube ni ba.

Ranar kasuwar Dungas na shimfiɗa kayana ke nan, sai Safiatou mai daddawa, maƙwabciyar rumfata, ta matso tana danne dariya, ta miƙo mini wayarta.

"Ummul Khairi, wannan ba turminki ba ne?"

Shi ne kuwa, ga facin gwangwanin nan yana ƙyalli a ƙofar shagon Shafi'u. Samari sun yi da'ira suna ihu, "Kapiten! Kapiten!" Ga ƙanena a tsakiya, ya naɗe hannun riga, namiji da taɓarya a bainar jama'a. Wannan kaɗai ya isa in rufe fuska. Ya ɗaga waya sama ya nuna, ya ce da ƙarfi, "Ku gaya wa kamfani, mu maza ne masu hannu biyu! Wasan waya na guragu ne da 'yan ƙauyen da ba su da abin yi!" Ya jefa ta cikin turmi ya hau daka. Igiyar jar fata tana leƙowa ta bakin turmin, tana tsalle duk lokacin da taɓarya ta sauka.

Nan take na gane wayar. Safiatou ta ga fuskata, dariyarta ta tsaya. Ta ce a hankali, "Tun shekaranjiya yake yawo a garin nan. Ba wanda bai gane wayar ba." Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Na tattara kwalabena ko rabi ban sayar ba, na ja mayafi na rufe har hanci, na bi ta bayan rumfuna na nufi tasha.

Da na titsiye shi a gida, sai ya yi tsuru-tsuru. Wai wanda ya yi alkawarin kawo matacciyar waya bai zo ba, ga jama'a sun taru, ga mai ɗaukar bidiyo ya saita, ana ta kiran Kapiten. Ya buɗe akwatin moto ya ga wata da ba ta kunnuwa, ya ɗauko.

"Ba ka ga jar fatar ba? Makaho ne kai?"

"Na gani, Yaya. Amma na riga na ɗaga ta, ana ta tafi."

"Ana ta tafi! To maganar guragu fa? Ita ma tafin ne ya sa ta a bakinka?"

Ya sunkuyar da kai. Na zage shi tas, na kuma yi kuka, don kunyar da nake ji ta fi fushin yawa.

Ba a jima ba saƙo ya zo daga Inna Ƙande, mahaifiyar Nabila: kada mu wahalar da kanmu zuwa ɗaukar jego. Nabila ta ce ba za ta koma gidan mutumin da ya kira ubanta gurgu a gaban duniya ba. Mas'udu ya daina zuwa shago, ya daina cin abincin kirki. Kamfanin nan kuwa ko tari bai yi ba, su Shafi'u ma na ji har sun fara sauke sabon ƙwallon a wayoyinsu a ɓoye.

Na ce masa ya nemo waya sabuwa, mu tafi biko. Ya samo, ya sa aka zuba mata dara, ya goya ni a moto da hantsi.

Mun tarar da zauren Malam Bukar da mutane, tsofaffin abokan dararsa sun zo duba shi. Da suka ga Mas'udu sai hira ta mutu. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ni ma na durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Ummul Khairi. Kun zo lafiya?" Maganar tana fita a hankali, ta gefe ɗaya na bakinsa. Yana jingine da bango, cinyarsa ba komai.

Na fara jero abin da na shirya tun a hanya, cewa mun zo ne da ƙoƙon bara, yaro ya yi wauta. Mas'udu ya rarrafo ya ajiye sabuwar wayar a gefen tabarma. Wani tsoho mai carbi ya yi tsaki, ya ce, "Wautar da duk gari ya gani? Ka daka wayar surukinka a turmi, ka kuma..."

Malam Bukar ya ɗaga hannun hagu, tsohon ya yi shiru.

"Wayar wa?" in ji shi. "An nuna mini abin nan. Ba tawa ba ce."

Tsohon ya ce, "Haba Malam! Da jar rigarta da igiyarta?"

"Baduku ni kaɗai yake yi wa ɗinki? Tawa tana wajen mai gyara a Magariya. Ni na san hannun da na ba." Ya juyo da kansa da ƙyar wajen Mas'udu. "Ɗana, ba a gama ba ko? Ka ce masa kada ya yi gaggawa."

Kowa ya san ƙarya yake, shi ma ya san mun sani. Dattijon da ba a taɓa jin ya karkata magana ba, yau ya yi a gaban abokansa don ya rufa wa ƙanena asiri. Da zagin mu ya yi, da ya fi mini sauƙi sau dubu.

Mas'udu ya buɗe baki, "Baba, ni ne..."

"Na ce ba a gama ba." Ya sa ɗan yatsa ya tura sabuwar wayar har ta sauka daga tabarma. "Ɗauki abarka. Me zan yi da biyu? Tawa tana zuwa."

A nan na gane abin da ya yi wa kansa. In ya karɓi wannan, ya yarda waccan tasa ce aka daka. In kuma Hudaifa ya aiko da wata, mutane za su ce ashe dai gaskiya ne. Ya rufe ƙofar da hannunsa, da shi da dara sai dai tunani.

Ya sa aka kira Nabila. Ta fito da Ruma'isa a kafaɗa, idanunta sun kumbura, ko inda mijinta yake ba ta duba ba.

"Kin gama wanka," in ji shi. "Ga yayar mijinki ta zo ɗaukar ki. Ki shirya."

"Baba, ai ka ji abin da ya..."

"Ban ji komai ba. Laifin me ya yi miki? Faɗa mini a gaban mutane."

Ta dubi tsofaffin nan, ta dubi ubanta. In ta faɗa, ta ƙaryata shi. Hawaye suka zubo mata, ta juya ta koma ciki haɗa kaya. Inna Ƙande ta ba ni tukunyar yajin jego da hannunta, amma ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ni da Nabila da jaririya za mu shiga motar haya, Mas'udu zai biyo mu a moto da kaya. Har mun kai bakin hanya na tuna na bar mayafin goyo a zaure, na koma da sauri. Baƙin sun watse. Mas'udu yana tsaye a jikin katanga daga waje, sabuwar waya a hannu, yana leƙe ta ƙofa, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Na bi idonsa.

Malam Bukar yana nan jingine shi kaɗai, bai san ana kallon sa ba. Kansa a sunkuye, ɗan yatsansa na hagu yana tafiya a kan cinyarsa a hankali, ya tura nan, ya dakata kamar mai jiran amsa, ya sake turawa.

Na bar mayafin a wurin, ban iya shiga ba.