Allura a Babban Yatsa

A gidanmu na birnin Daegu ba a baƙin ciki, sai dai kumburin ciki. Da mahaifina ya rasu, ni kaina na fi wata ina fama da ƙwannafi.

Ranar bikin kakar girbi dangi sun cika falo, muna zaune a ƙasa kewaye da tebur. Matata Myongja, wadda tun asuba take tsaye kan suya, ta ajiye tsinkayen cin abincinta.

"Mama," ta ce da mahaifiyata, "ina so in ga likitan ƙwaƙwalwa. Ba na barci. In na tsaya a baranda sai in riƙa auna nisan ƙasa."

Ni ne mai barkwancin gidan, bayan sanƙo ba abin da na fi shahara da shi.

"Maman Haerin, ai ko ni aka aura wa ni, da tuni na auna," na ce da matata.

Ƙannena suka tuntsire da dariya har da bugun cinya.

'Yarmu Haerin, mai karatun halayyar ɗan Adam a jami'a, ta ce, "Baba, wannan gudun gaskiya ne. A littafinmu..."

"Littafin Turawa," in ji Mama. "Su ke da lokacin wannan. A ji uwarki ta je asibitin mahaukata, wa zai kwashe ki, da fuska kamar faranti? Abinci ne ya tsaya mata. Ci take a tsaye kamar akuya."

Ta aika aka kawo allura da zare, maganin gidanmu in abinci ya tsaya wa mutum. Ta bubbuga bayan Myongja, ta matso hannunta daga kafaɗa zuwa ƙasa, ta ɗaure babban yatsan tamau.

"Kai, riƙe min ita."

Na riƙe. Myongja ta kafe ni da ido. Ni kuwa na gano ashe akwai tsaga a silin ɗinmu.

Mama ta soka allurar a gindin farce. Jini ya ɓullo, ɗigo ɗaya mai duhu.

"Kun ga mugun abin? To, yi gyatsa."

Muka zuba wa Myongja ido. Ta haɗiyi iska, ta sake haɗiya, ta ƙaƙaro wata 'yar gyatsa. Wani ƙanena ya tafa mata.

"Na gode, Mama. Na ji sauƙi."

Ba a sake tada maganar likita ba. Mama ta tura Myongja ta fere mana tuffa, da ta kawo kuma Mama ta ce ta kwashe rabin naman da ɓawon.