Shirun Sakan Goma Sha Ɗaya

…kuma ai ita ta kawo dabarar, ba wani ba. Ita ta miƙe a taron ma'aikata, digirinta ko bushewa bai yi ba, ta ce mai gwajin maganar yara kada ya gyaɗa kai, kada ya ce uhm, kada ma ya kalli yaro — wai don kar a sa masa magana a baki. Har Shugaba ta yaba mata. Yabo!

Ga ta yanzu a ofis, abin sauraro a kunne, tana ta mayar da rikodin gwajin baya. Yarinyar nan mai giɓi, 'yar shekara shida, littafin hotuna buɗe a gabanta: "Sai kyanwa ta hango tsuntsu a kan reshe…" Shiru. Sakan goma sha ɗaya, ta ƙirga. Da harshen gida haka, da na makaranta haka. Jimla ɗaya, shiru. To ita me ta rubuta a takardar sakamako? "Ba ta iya haɗa labari a harsunan biyu." Ta sa hannu, har da lanƙwasa.

Ran Litinin za a mayar da yarinyar ajin masu jinkirin magana.

Sai ɗazu, a ƙofar makaranta — yarinyar riƙe da hannun kakarta, baki na zuba. Labarin kyanwar nan dai. "Uhm," in ji tsohuwa, "sai aka yi yaya?" Sai ga kare, sai ga wutsiya a bakinsa, har da kunyar da kyanwa ta ji, abin da ko a hoton babu. "Kai, uwar surutu! A gabanki aka yi?" Dariya…

Ashe jira take. Jira take a amsa mata.

Wa yake ba bango labari? Ita kanta tana ƙarama, in Inna ta yi shiru, ba tsayawa take ta girgiza mata gwiwa ba? Ina ta kai wannan? Shekara huɗu na karatu…

Takardar ta riga ta hau ofishin sama. A rubuta wata? A ce me — laifin dabarata ne? Yara arba'in da biyu aka gwada haka. Arba'in da biyu…

Ta sake mayarwa baya, ta ƙara sauti. Can ƙarshen shirun, ƙasa-ƙasa, abin da ta ɗauka numfashi ne:

"Anti… kina ji?"

Yatsanta na kan madanni.

"Uhm," take ce wa na'ura.