Kayan Jinyar da Ba a Kwance Ba

Da likita ya ce inda aka ɗinke wa mijinta hanyar abinci bayan cire ciwon daji ya tsuke, shi ya sa ko ruwa ba ya wucewa, matar ba ta tsaya jin sauran bayani ba. Ta san asibiti, wancan karon sai da tabarmarta ta ƙoshi da baranda. Ta ɗaure tabarmar da bokiti da bargo, ta nemi gafarar maƙwabta.

Aka shiga da shi. Ko shayin da ta zuba bai huce ba nas ta leƙo. "Mama, zo ki ga maigidan."

Tana shiga ta ɗaga rigarsa tana laluben sabon ɗinki. Babu, sai tsohon tabo.

"Likita, ta ina kuka yanka?"

Ya juyo mata allon na'ura. Siririn bututu mai kyamara suka zura ta baki, in ji shi. Ta ga hanyar abincin mijinta ta tsuke kamar kafar allura, sannan 'yar balan-balan ta kumbura a ciki sannu a hankali, hanya ta buɗe. Ta dafe ƙirji. Shekaru tana ciyar da mutumin nan, yau ta ga inda abincin yake bi.

Da maganin barci ya sake shi, nas ta miƙa masa ruwa. Matar ta ƙura wa maƙogwaronsa ido. Ya hau, ya sauka, ko tari babu.

Ya dubi ƙunshin kayanta, murya a dishe. "Ke, hijira za mu yi? Ƙaro min ruwa."